Igiyar da na kwance sau biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina riƙe da kofin shayi, ban ko kurɓa ba, waya ta yi ƙara. Falmata ce daga Gure. Ta ce, "Yaya Lawali, Baba ya cika."

Maigida Kyari ya rasu. Mutumin da ya koya mini riƙon kile, wato sufana, ya koya mini tsayuwa gaban inji, ya ciyar da ni a shekarar da kowa ke ɓoye ƙwaryarsa.

Kafin in ce komai a kansa, ga roƙo, kuma wallahi ba na wasa ba ne. Duk wanda ke Damagaram yanzu, ya kuma san Habu mai aiki a kan babban injin tur ɗin nan mai kai biyu da na haɗa bara, don Allah ya ajiye abin da yake yi ya je ya ce masa in ji ni: kada ya buɗe ƙofar hagu, kada ya sa hannu ciki, sai na iso. Waɗanda suka san wurin sun san shi.

Na kira Habu har na gaji. Wayarsa tana kulle cikin akwatin kayansa, don ni da bakina na kafa dokar cewa ba a tsayawa gaban inji da waya. Na kira Alhaji mai wurin, tana shiga ba a ɗauka. Mutum biyu da na sani kusa da wurin, ɗaya yana Yamai, ɗayan layinsa ba ya shiga.

Ina cikin mota daga Maradi, tafiyar kusan awa huɗu ce a gabana, kuma ba abin da zan iya yi sai rubutu. To bari in rubuta. Abin da ya haɗa rasuwar Maigida da hannun Habu dogon zance ne, kuma yau zan faɗe shi duka.

A shekarun saba'in aka tura ni Gure, lokacin babban farin nan. Shekarata goma sha tara, na fito daga lekkwal da takarda a hannu da girman kai a ka. An sa ni a wani garejin gyaran famfunan rijiya, a ƙarƙashin Maigida Kyari. Na isa cikin farar riga mai dogon hannu, na goge ta tas. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mushe, koyarwa ka zo ko koyo?"

Tun daga ranar sunana ya zama Mushe a bakinsa, yadda ake kiran malamin lekkwal. Har na yi furfura bai sauya ba.

Ya ɗauko almakashi ya yanke hannayen rigar nan a gwiwar hannu, ina sanye da ita. Na ji kamar in yi kuka, ita kaɗai ce rigata ta kirki. Washegari sai ga shi da wata sabuwa a naɗe, ya ce ta Juma'a ce, kada in kuskura ya gan ta a gareji.

Garejin ɗaki ɗaya ne dogo, da rumfa a waje. Babu kuran, wato lantarki, a lokacin. Moter guda ne na gazwal a bayan ɗaki, yana juya wata doguwar sandar ƙarfe da ke can sama kusa da rufi, daga ita bel-bel na fata ke saukowa zuwa injuna. Injunan uku ne. Akwai tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Akwai dutsen washi. Sai injin huda, shi yana waje a rumfa. Kowanne yana da sandar katako, in ka ja ta bel ɗinsa ya koma kan fulin banza mai juyawa ba ya jan komai, injin ya tsaya, moter kuwa yana ta aikinsa.

Saboda ƙarancin wuri, tur da dutsen washi baya da baya suke. Bel ɗin dutsen yana wucewa ta bayan kan tur, daidai inda ake sa hannu a sauya haƙoran giya. Tsakaninsu bai wuce taki ɗaya ba.

Maigida ya ɗaure sandunan injunan nan biyu da igiya ɗaya, ta fatar raƙumi, tufkar hannunsa. In ka ja, su biyun su tsaya tare. In ka mayar, su tashi tare. Ba ka da hanyar tsayar da ɗaya ka bar ɗaya.

Ni abin haushi yake ba ni. Mutum yana tsakiyar washi, sai a ja igiya don Maigida zai auna wani abu. Wata rana na ce, "Maigida, to me ya sa ba ka haɗa da na huda ba, a tsayar da gari duka a huta?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Daga nan hannunka yana kaiwa rumfa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To bar shi da harkarsa, akwai bango tsakaninku. Waɗannan biyun kuwa a akushi ɗaya suke ci. In ɗaya ya tsame hannu, ɗayan ma ya tsame."

Na ce to, amma a raina cewa na yi tsoron tsofaffi ne. Alhali a lokacin ko arba'in bai kai ba.

Shekarar ta yi tsanani. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya, mutane suna shigowa gari daga daji da abin da ya rage musu. Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Ban taɓa faɗa masa ba, amma kullum da rana sai kwano biyu su zo daga gidansa maimakon ɗaya. Matarsa, Ya Kellu, Allah ya jiƙanta, tuwon jar dawar taimako take yi da miyar kuka, wani lokaci da ƴan dabino uku a gefe. Falmata tana goye a bayanta a lokacin. Ni na riƙa ɗaukarta in uwar za ta zuba mana ruwa, shi ya sa har yau Yaya take ce mini.

Mun wuce Cadawa yanzu. Na sake kiran Alhaji, shiru.

Ranar da abin ya faru, bazara ce, wajen hantsi. Masu haƙar rijiya suka zo daga wajen Kelle da buhun diga da ƴan ƙarafan sara, duk sun dakushe. Sun ce sun kai dutse, ruwa yana ƙasa kaɗan, garke na jira a bakin rijiya kwana biyu ba su sha ba. Kamyon da zai mayar da su zai tashi kafin azahar. Shi kuma Maigida yana da sandar famfo ta mutanen Bune da zai yi wa zare irin na noti, sai ya sauya haƙoran giya, aikin da ke cin kusan awa guda. Ya ja igiya, komai ya tsaya, ya zagaya bayan tur ya sunkuya.

Masu haƙar rijiyar suna tsugune a ƙofa suna kallona. Na dubi buhun, na dubi rana, na dubi bayan Maigida. Na ce a raina, mutumin da ya shekara goma yana sa hannu a wurin nan ai ya san inda bel yake.

Na kwance igiyar.

Na tura sandar dutse ita kaɗai. Ban faɗa masa ba. Na ce ƙarar moter ba za ta bari ya ji ni ba, amma gaskiyar ita ce na san zai hana.

Na wasa diga ɗaya, na wasa ta biyu. Ina kan ta uku na ji bel ya yi fat, muryarsa ta sauya. Ban ji ihu ba. Da na leƙa, Maigida yana zaune a ƙasa ya danne hannun dama a hammata, jini yana bin rigarsa. Ƙugiyoyin ƙarfen da ke haɗa bakin bel ne suka kama shi. Yatsu uku suka tafi, aka bar masa babba da manuni.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Kashe moter, Mushe."

Na ruga na kashe. Da na dawo, na gan shi ya miƙa hannun hagu ya jawo igiyar daga inda na yar da ita, ya tura ta aljihu, kafin mutanen ƙofa su shigo. Idonmu ya haɗu.

Aka ɗaure hannun a likita, aka ɗauke shi a bayan kamyo zuwa Damagaram. Kafin su tashi, shef ɗinmu ya zo yana faɗa, yana tambayar yadda aka yi dutse ke juyawa mutum yana bayan tur. Ina tsaye a wurin. Da an ce ni ne, kora ce, ƙila har da jandarma, kuma babu garejin da zai sake karɓata.

Maigida ya ce, "Igiya ce ta tsufa ta tsinke."

Shef ya ce ina igiyar. Maigida ya ce bel ya cinye ta.

Shekara hamsin ke nan, ko kusa da haka, kuma yau ne karo na farko da na faɗi wannan a gaban mutane. Matata ma ba ta sani ba, a nan za ta karanta. Igiya ba ta tsinke ba. Ni na kwance ta.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Kwanon Ya Kellu bai fasa zuwa ba. Rana ta huɗu ta zo da kanta ta tarar da shi a rufe yadda ta aiko. Ta ce, "Ci. Ya aiko daga Damagaram, ya ce kada a rage maka ko loma." Ban san abin da ya faɗa mata ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Da ya dawo, aikin tur mai laushi ya gagare shi. Sai ya tsaya a bayana, ni na zama hannun damansa. Duk abin da na iya a duniyar nan, a shekaru huɗun da suka biyo baya na koye shi, yana nuna mini da yatsu biyu. Ya tufka sabuwar igiya da taimakon haƙori, ya ba ni ya ce in ɗaura da kaina. Da damar ƙarin karatu ta fito, shi ya je wurin shef sau uku har aka sa sunana.

Tsohuwar igiyar kuwa ya rataye ta a ƙusa a zaurensa, lafiyarta lau. Duk zuwan da zan yi Gure sai na gan ta, sai in zauna in ba ta baya.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Na yi karatu, na yi aiki a ƙasashen mutane, zamani ya sauya, injuna suka samu ƙwaƙwalwa. Na zama mai saita komand, wato na'urar da ke karanta program tana tuƙa injin. Ƴan sana'a da ke bina a nan sun san abin da zan faɗa, sauran ku yi haƙuri, a taƙaice ne.

Babban inji yakan yi aiki biyu ko fiye a lokaci guda. Sai a raba ƙwaƙwalwarsa gida-gida, kowane gida ana ce masa kanal. Kowane kanal yana da program ɗinsa da sassan da yake motsawa, kamar ma'aikata biyu kowa da aikinsa. Sannan akwai gurup. Kanal ɗin da ke gurup ɗaya dole halinsu ya zama ɗaya: in otomatik ne duka otomatik, in an koma manuwel don mutum ya sa hannu, duka sun koma. In ɗaya ya yi alarm, ko aka buɗe ƙofa, duka su tsaya. In kuwa gurup ɗinsu daban ne, ba ruwan wani da wani. Wannan yana tsaye ana taɓa shi, wancan yana gudu abinsa.

A cikin saitin lamba ɗaya ce tak a gaban kowane kanal. Ranar da aka fara koya mana wannan, ƴan ajinmu suna ta fama, ni kuwa na gane nan take. Igiyar Maigida ce. Raba gurup ba laifi ba ne in akwai bango tsakani, kamar injin huda a rumfa. Inda hannu ɗaya ke kaiwa duka biyun, gurup ɗaya ake sa su. Na koya wa ɗalibai wannan ya fi a ƙirga, har da labarin akushi, sai dai ban taɓa kai labarin ƙarshensa ba.

Mun shiga Gazawa. Direba ya ce zai sha mai, na ce ya yi sauri.

Bara Alhaji ya sayo tur ɗin nan na hannu daga waje, don yin kayan famfo. Kai biyu gare shi, hagu da dama, kanal biyu, ƙofa biyu. Kan hagu ya sassaƙa gaban ƙarfe, sai kan dama ya taso da gudu ya zo ya karɓe shi ya koma ya yi bayan. Asalinsa akwai wani allon ƙarfe da ke saukowa tsakani ya raba ɗakin biyu, amma bai zo da shi ba, an cire tun can. Na duba na ga haka, na bar kanal biyun a gurup ɗaya. Ɗaya da ɗaya. Aka yi wata shida lafiya.

Sai Alhaji ya fara ƙorafi. Duk lokacin da Habu zai sauya wuƙa ko ya auna a hagu, dama ma sai ta tsaya. Ya ce, "Injiniya, na sayi inji mai kai biyu, amma rabin yini kai ɗaya ma ba ya aiki. An ce mini ana iya raba su. In ba ka iya ba ne, ka faɗa mini in nemo wani."

Ba zan ɗora wa Alhaji ba. Shi ɗan kasuwa ne, bai san abin da ke ciki ba, ni na sani. Maganar "in ba ka iya ba" ce ta cije ni. Tsoho da furfura, amma girman kan yaron nan mai farar riga yana nan inda yake. Hali zanen dutse.

Na zauna na sauya lambar. Ɗaya da biyu. Na raba makullan ƙofofin, kowace ta bi gurup ɗinta. Don in kwantar da hankalina, na sa alamar jira a cikin program: kan dama ba zai taso ba sai kan hagu ya ce ya shirya. Na gwada sau ashirin, ya yi daidai. Na ce ai shi ke nan, muddin program ɗina ake amfani da shi babu abin da zai faru.

Alhaji ya yi murna, aiki ya ƙaru. Habu ma ya yi mini godiya. Mutum ne mai natsuwa, ƴaƴansa huɗu, yana da son koyo, har ya fara rubuta ƙananan program da kansa.

Mako uku da suka wuce na je Gure gaida Maigida. Na same shi a zaure kan tabarma, idon ya yi rauni amma kunne da kai garau. Ya ji takuna ya ce, "Mushe ne, har yanzu yana jan ƙafar hagu." Falmata ta kawo shayi da dabino. Muka yi ta hira, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

Yana son jin labarin sababbin injuna, ko da yake bai taɓa ganin irinsu ba. Sai na shiga ba shi labarin tur mai kai biyu, ina yi ina jin daɗin kaina. Na faɗa masa kanal, na faɗa masa yadda kai ɗaya ke miƙa wa ɗaya ƙarfe ba hannun mutum. Yana gyaɗa kai. Can ya ce, "Igiya nawa?"

Na yi dariya na ce, "Maigida, ai yanzu ba igiya, lamba ce."

Ya ce, "Na ji. Nawa?"

Na ce biyu.

"Akwai bango tsakaninsu?"

Na ce da akwai, amma bai zo da shi ba. Na yi sauri na ƙara da bayanin alamar jira, cewa ɗaya ba ya motsi sai ɗaya ya ba shi izini. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Wato ka kwance, sannan ka ce musu su riƙa yi wa juna sallama."



Ya ce, "Wa ke tsayawa a wurin?"

Na ce wani ne Habu.

"Yatsunsa nawa?"

Na ce, "Goma, Maigida."

Ya lalubo gwiwata ya ɗora hannun nan a kai, mai yatsu biyu. A shekara hamsin bai taɓa ɗaga maganar ba ko da wasa. Ya ce, "Wancan karon hannuna ne, Mushe. Ni ke da ikon yafewa, na kuma yafe tun kafin jinin ya bushe. Wannan ba nawa ba ne. Kuma ƙarya ɗaya na taɓa yi maka, ba ni da ta biyu."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce masa ina komawa zan gyara, kafin in isa gida ma. Ya ce Allah ya sa. Da zan tafi ya sa Falmata ta ƙulla mini dabino a leda, kamar kullum.

Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Na biya ta Damagaram a hanyar komawa, wannan kam na yi. Alhaji ya ce suna tsakiyar wani aiki na gaggawa, in bari su gama, tunda gyaran zai tsayar da inji rabin yini. Na duba, program ɗina ne ke gudu, alamar jira tana nan. Na ce to, Asabar mai zuwa. Asabar ta zo da sunan jikata. Ta gaba kuma ƙafa ta matsa mini. Na riƙa cewa ai sabon aiki sai wata mai kamawa.

Da safen nan, bayan kiran Falmata, na buɗe waya don in shaida wa Alhaji an yi mini rasuwa. Sai na ga saƙon murya da ya turo tun jiya ban saurara ba. Yana cikin fara'a. Ya ce masu sabon aikin sun matso da lokaci, kuma kada in wahalar da kaina, Habu ya rubuta program ɗin da kansa. Za su ƙarasa ragowar tsohon aiki da safe, wajen sha ɗaya su ɗora sabon.

Ban taɓa koya wa Habu alamar jira ba. Bai san tana nan ba. Bai san ita kaɗai ke riƙe kan dama ba. Shi abin da ya sani, tun da na raba su yana buɗe ƙofar hagu yana sa hannu dama tana gudu, ba abin da ya same shi. A sabon aiki kuwa, ƙarfen farko sai an auna shi. Zai mayar da hagu manuwel, ya buɗe ƙofa, ya sunkuya da abin awo. Dama za ta gama nata, ta taso karɓar ƙarfe, ba mai ce mata tsaya.

Shayin nan yana can kan tebur yadda na ajiye shi.

Falmata ta sake kira muna fita Maradi. Ta ce jana'iza bayan la'asar, in na taho kai tsaye zan samu, za su ɗan jinkirta mini. Na ce kada su jira ni, a Damagaram zan sauka. Mayar da lambar minti biyar ne, amma sai an sake haɗa makullan ƙofa, a kashe a kunna, a gwada ta kowace fuska, kuma ba zan bar wurin ba sai na buɗe ƙofar nan da hannuna na ga komai ya mutu. Kafin in gama an rufe Maigida.

Ta ce, "Yaya, akwai abin da yake ta tambaya tun makon jiya, ba mu gane ba. Mun ɗauka zafin ciwo ne. Kullum sai ya ce, Mushe ya ɗaure? Jiya da la'asar ma ya tambaya."

Na ce me kuka ce masa.

Ta ce, "Mun ce masa e, don hankalinsa ya kwanta."

Ya tafi yana zaton na ɗaure. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Mun wuce Tasawa. Ƙarfe goma ta gota, kuma akwai sauran tafiya. Na sake gwada lambobin duka, har yanzu shiru.

Ya Allah, ga bawanka Kyari ya zo maka da yatsu bakwai. Ka san inda sauran ukun suka tafi, ka san wanda ya rufa wa asiri da su. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka yafe masa ƙaryar nan guda, don ni ya yi ta. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da Ya Kellu a Aljanna Firdausi. Ka ba Falmata da ƴan'uwanta haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Jama'a, duk wanda ya karanta ya kai nan, ina roƙonsa ya yi wa Maigida Fatiha da Ƙulhuwallahu, ko bai san shi ba. Ku tsaya masa a sahu a madadina, ku mutanen Gure. Ku haɗa da Habu a addu'ar, Allah ya tsare hannunsa. Ku kuma tura wannan ga duk wanda kuka sani a Damagaram, yanzu, kada ku bari sai an jima.

Wanda ya riga ni isa, kada ya tsaya sallama ko neman izini. Akwai babban jan maɓalli a gaban injin, ya danna shi kawai. In Alhaji ya yi faɗa, in ya tambayi dalili, kada kowa ya ce masa inji ne ya lalace.

Ku ce masa Lawali ne ya kwance igiya, yana hanya zai zo ya ɗaure.